Baƙin Kifin da Ya Koma Ja

Shekarar da aka turo ni koyarwa wata makarantar sakandare a Wurno, kaina ya fi hulata girma. Na fito kwaleji da takarda mai kyau, ilimin halittu nake koyarwa, kuma a ganina duk garin babu wanda ya san yadda rai yake tafiya kamar ni. Ban yi wata uku ba na shiga Sakkwato na sayo akwatin gilashi na kiwon kifin ado. A kan cinyata na ɗauko shi a mota har Wurno, ina harar duk wanda ya matso kusa. Na kafa shi a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, na haɗa masa ɗan fanfon iska da ƙaramar sola, na ce don yara su ga kifi da rai ne maimakon zanen allo. Gaskiyar magana, rabin dalilin don a zo a gani ne a ce wannan malami ya waye.

Kifi biyar na zuba. Ɗaya baƙi wuluk, mai ƙaton ciki da idanu a waje kamar na kwaɗo, shi ne abin alfaharina. Sauran huɗun ƙanana ne, ba su wuce ɗan yatsa ba. Namijinsu ɗaya, siriri, wutsiyarsa da wani dogon tsini kamar takobi, sai mata uku masu faɗin ciki da guntuwar wutsiya. Ranar farko na ɗauke su hoto a wayata daga kowace kusurwa, na yi ta nuna wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Mai gadin makarantar wani dattijo ne Basarke, wato daga gidan masunta ya fito, a wani ƙauye kusa da Goronyo. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da kwalekwale. Kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan magana, kuma na lura ko wallahi ba ya cewa, abin da mu ba ma iya jera zance uku ba mu saka shi ba. Yakan tsaya a bakin taga ya daɗe yana kallon kifin, ba irin kallon yara na sakin baki ba, irin kallon da makiyayi yake yi wa shanu. Wata rana ya ce da ni, "Malam, wanga baƙin an tsage mai wutsiya, ga wurin can ƙasa." Na ce to, ban ko juya ba.

Da dogon hutun damina ya zo, sai kwas ya kama ni a Sakkwato. Na ba Baba makullin ɗakin da gwangwanin abincin kifi, na yi masa bayani sau uku kamar ina magana da ɗan aji ɗaya. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar da aka koma makaranta, ko ofis ban shiga ba na nufi ɗakin. Abu na farko, akwatin ba ya inda na bar shi, an matsar da shi jikin taga. Na leƙa ciki. Babu baƙin kifina. A madadinsa wani ja ne kamar ɓawon lemu, da ɗan baƙi-baƙi a gefen fiffikensa. Ƙananan kuma uku suka rage, mata biyu da namiji ɗaya, amma namijin ba nawa ba ne. Nawa siriri ne mai dogon takobi, wannan kuwa ƙato ne mai ɗan guntun tsini. Na fita ina ƙwala wa Baba kira, ɗalibai suka biyo ni don sun ji muryata ba ta lafiya ba ce.

Na ce, "Baba, mi kay yi min da kihi?"

Ya ce, "Kihinka na, Malam. Ruhin ɗaki ka zuba daidai inda kab bar su, shi yas sa nim maishe su bakin taga. Baƙin ga sannu-sannu yas soma sake riga, tun daga ciki har ya kai baya. Namijin kau ya mutu sati na ukku da tahiyakka. Da yam mutu, sai babbar macen tas soma hidda tsini ga wutsiya, tana korar 'yan uwanta kamar yadda shi ka yi."

Na yi wata dariya wadda har yau in na tuna ta nakan rufe ido. Na juya wajen ɗalibai na ce ku ji, mace ta zama namiji, baƙi ya zama ja, saura Baba ya ce akwatin ma da tulu ne. Suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce a wajen su in ka sa kifin nan gargaza cikin farin kwano takan yi haske, in ka mai da ita baƙar tukunya ta yi duhu, kuma namijinta yakan sake launi lokacin ƙwai. Ya ce in duba tsagar wutsiyar, tana nan inda take. Ban duba ba. Ni da na yi shekaru ina karanta halittu, mai gadi ne zai koya mini kifi a gaban yarana?

Na riga na gama shari'ata a zuciya. Baba yana da ɗa mai bin motar Sakkwato kullum. Na ce ko dai an sayar da baƙin aka sayo mai araha aka saka, ko kuma sakaci ya kashe su aka yi mini cike. Haka na kai maganar ofishin shugaban makaranta, malamai na zaune, ɗalibai sun cika taga. Shugaban mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ya ce abin bai kai ya kawo ba. Ni na ƙi. Na ce in Baba gaskiya yake faɗa, ga Alƙur'ani can a kan kabad, ya yi alwala ya dafa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da a ce dattijo ya dafa Alƙur'ani. Ba a kai mutum nan sai an gama fitar da shi daga cikin masu gaskiya. Kuma na san akwai dattawan da ko da gaskiyarsu ba sa dafawa, sun gwammace su bar haƙƙinsu. Na san wannan sarai, don kakana haka yake. Amma a lokacin ba sani nake nema ba, nasara nake nema.

Baba ya ce, "Mi ni ka yi da kihin da ko miya ba shi yi? Malam, an ci min gona ina da ƙarhina, anka ce in dahwa, ban dahwa ba. Ba ni dahwa Littahin Allah bisa kihi."

Na ce, "Kun ji ko? Ya ƙi."

Shugaban ya karɓi makullin ɗakin daga hannun Baba ya miƙo mini, ya ce a bar maganar. Ba a kore shi ba. Amma kafin mako ya zagayo yara sun sa masa suna Baba mai musanya. In biro ya ɓace a aji sai a ce a tambayi Baba ko ya koma fensir. Ina ji ina wucewa, wani lokaci har murmushi nake yi. Da wata ya ƙare ya zo ya ajiye tocila da sandar gadi a ofis, ya ce gwiwa ta matsa masa, zai koma gida.

Ni na ci gaba da ba kifin abinci da kaina, kuma a nan ido ya fara nuna mini abin da ba na so. Ɗan baƙin da ya rage a fiffiken jan kifin ya riƙa raguwa. Yau in ga ɗigo biyar, bayan kwana goma in ga uku, har ya zamana babu ko ɗaya. Tsinin wutsiyar ƙaton namijin kuma kullum ƙara tsawo yake. Babu mai makulli sai ni. Wata ranar Laraba bayan an tashi, na zauna na buɗe hotunan ranar farko, na buɗa hoton wutsiyar baƙin da yatsu biyu. Ga tsaga nan a ƙasa, kamar an sa almakashi. Na ɗaga kai na dubi jan, ya juyo a hankali, ga tsagar a daidai wurin. Na daɗe a zaune ina jin kunyar kifin kansa.

Na kira wani tsohon malamina na kwaleji, na tambaye shi kamar wani ne abin ya faru da shi. Ya ce ai sananne ne, irin wannan baƙin yakan koma ja in ya girma, kuma zafin ruwa da hasken rana da irin abincin da yake ci suna iya gaggauta abin. Ƙananan kuma ya ce masana ba su gama daidaitawa ba. Wasu na ganin tun asali namiji ne da ya makara bai nuna kansa ba, sai da babban namijin ya kau. Wasu na ganin tsohuwar mace kan fitar da siffar maza. Ko wanne ne, abin da ido zai gani shi ne abin da Baba ya faɗa. Ya ƙara da cewa duk mai kiwon kifi ya san haka. Na yi godiya na kashe wayar.

Sai da na yi mako biyu ina juya abin kafin na hau babur na nufi ƙauyensu. Na same shi da hantsi a gindin wata bishiya yana ɗinkin raga, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya tarbe ni kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ya sa aka kawo fura. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da hoton, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tsinin ya ida hita?" Na ce ya fita har ya fi na farkon. Ya gyaɗa kai, na ga abin ya yi masa daɗi. Sannan ya ce, "Na yahe maka tun rannan, Malam. Amma nan garin ba wanda yaj ji komi, nan ba ni da wani suna sai nawa. Can anka ji. In kana son ka gyara, can za ka hwaɗi, gaban ɗiyan ga."

Na ce ranar Litinin a wajen taron safe zan faɗa. Har na ce wallahi. Ya ce ba sai na rantse ba.

Litinin ta zo, kuma ni ne malamin da ke kan aiki a makon, ba wanda zai hana ni magana. Na tsaya a gaban layuka, maganar tana bakina, na tsara ta tun a gida. Na dubi fuskokin yaran nan da suka yi dariya don na ba su dariya, na hango malamai a gefe, sai na ji muryata tana faɗa a kan shara da makara. Na sallame su. Na ce wa kaina mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka fara gwaji, daga nan jarrabawa, daga nan hutu. 'Yan ajin ƙarshe suka fita da sunan a bakinsu. Shekara na zagayowa aka mai da ni Rabah, na bar akwatin a makarantar, na kuma ji daɗin tafiyar fiye da yadda ya kamata. Damina biyu bayan haka ɗansa mai bin mota ya gan ni a tasha ya ce Baba ya rasu. Ya ce kafin rasuwarsa yakan tambaya ko malamin kifi yana nan lafiya.

Ban taɓa tunanin abin zai ci gaba da tafiya bayan mai shi ya kwanta dama ba. Bara na shiga kasuwar Wurno sayen albasa, wani magidanci da gemunsa ya taso daga kan buhu ya kama hannuna da hannu biyu. Tsohon ɗalibina ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya kira maƙwabtan rumfarsa su ga malaminsa. Can sai ya fashe da dariya ya ce, "Malam, ka tuna Baba mai musanya? Wanda yac ce mace ta koma namiji? Har ɗiyana ni ka ba labarin ga."

Mutum biyar ne a wurin, duk suna jiran in yi dariya. Na ajiye ledar albasar a ƙasa. Na ce masa Baba bai musanya komai ba, kifin ne ya sake, na gani da idona tun kuna makaranta, ni ne na yi masa ƙazafi kuma na sani na yi shiru. Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya ce, "To Malam, mi yah hana ka hwaɗa muna tun lokacin?"

Na roƙe shi in ya koma gida ya gyara wa 'ya'yansa labarin, ya kuma faɗa wa duk ɗan ajinsu da ya gani. Ya ce to, amma an watse, wasu suna Legas, wasu ko lambarsu ba shi da ita.