Ni Ke Riƙe da Igiyar Ɗan Baro

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Ɗan Baro, mai haƙar rijiya na ƙasar Urafane, Allah ya ji ƙansa. Ya rasu da rana tsaka, rataye a cikin wata tsohuwar rijiya, kuma ni ke riƙe da igiyar. Mutanen da suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage kuwa rabin labarin suka sani. Ni ma na tsufa. Igiya da guga nake sayarwa yanzu a kasuwar Tasawa, idona ya fara ƙin ƙananan baƙaƙe, ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci yana neman gudu ya bar ni. Shi ya sa na ga gara in faɗi sauran rabin tun ina da bakin faɗa.

Abin da ya tayar mini da maganar abin dariya ne. Kusa da rumfata akwai mai cajin waya, samari na taruwa wurinsa suna kallon wani fim na zane daga ƙasar Japan, na yara masu yaƙi da aljanu. Wai malamai biyu ne a ciki. Ɗaya mai wasa da dariya ne, yana jefa ɗalibinsa gaban aljani tun ranar farko ya ce ya koya a can. Ɗayan kuma fuskarsa a murtuke, sai ya shekara yana sa ɗalibi maimaita abu guda kafin ya bar shi ya ɗaga makami. Ran nan gardama ta kaure a tsakaninsu har sun hana ni jin masu ciniki, sai wani ya miƙo mini wayar.

“Baba Bello, kai da ka ga jiya, raba muna gardama. Wanga mai dariyar ai shi ne gwani. Wancan sai tsare gida kamar daraktan makarantar lakwal.”

Na duba, na ce musu ni ban ga malami ba, na dai ga mutane masu gashi kamar tsintsiya suna ta ihu. Suka bushe da dariya. Amma na koma gida tuwon ma ban iya ci ba, don na taɓa zama a hannun irin waɗannan mutane biyu, kuma ba a cikin waya ba.

A shekarar da damina ta juya mana baya, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Shanun gidanmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya tsakanin Urafane da Gulbin Kaba, ta ƙarshe ni na yanka ta da hannuna ina hawaye. Ina da mata da goyo, ga sanda a kafaɗa, babu abin korawa. Soja ke mulki a lokacin, umurni ya zo daga sama cewa kowane gari ya yi rijiya ya yi noman rani, saboda haka masu haƙar rijiya na cikin 'yan tsirarun da aikinsu ke kawo hatsi gida. Na ajiye girman kai na makiyayi na bi su.

Shugabannin aikin su biyu ne, Ɗan Baro da Illiya, wani Kirista mutumin Maijirgi. Sun fi shekara ashirin tare, ƙwarya ɗaya suke shan fura, amma ko kan inda rana za ta faɗi sai sun yi musu. Ɗan Baro gajere ne mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya hutawa. Kwana uku da zuwana ya ɗaura mini laya a damtse, ya buga mini baya ya ce, “Bahillace, shiga mana, ƙasa ba ta cizo.” Na shiga, shi kuwa yana sama yana ba ni labarin masu rijiya, wato mutanen ɓoye da ke zaune a ƙarƙashin ruwa: wannan nono yake so, wancan goro fari, wata kuma a gaishe ta kawai a wuce. Ko gaskiya ne ko shi ya tsara abinsa, Allah masani. Na dai san kafin a jawo ni tsoro ya fita daga cikina, kuma tun daga ranar nake son mutumin nan kamar uban da ya haife ni.

Illiya kuwa haushi yake ba ni. Dogo ne siriri, ba ya ɗaukar wargi, ba ya ɗaura laya, kuma in ranar aikinsa ce ba na shiga rami ko da zan mutu. Sai ya zaunar da ni a bakin rijiya, inda igiya ke bi ta kan itacen da aka gicciya, ya ɗaure mini ido da tsumma, ya aza tafina a kan igiyar da ke ɗaure da mai haƙa a ƙasa.

“Mi shike yi yanzu?”

“Shina sara, Baba.”

“Ƙarya kake. Hutawa shike. Sake ji.”

Haka muka yi watanni. Wani lokaci ya sa a ɗaura buhun yashi a zura, wani lokaci shi da kansa ya shiga ya saki jikinsa, sai na faɗi wanne ne mutum wanne ne buhu. Dokarsa kuma ba ta da yawa. A fara zura fitila, in ta mutu babu mai shiga. Wanda ke ƙasa ya yi ta magana ko waƙa, in muryarsa ta ɗauke a ja, ba tambaya. “Ko uban wa ne, jawo shi,” in ji shi. “In ya hito ya zage ka, ka gode ma Allah.”

Ɗan Baro ma yana da tasa dokar, wadda ya gada wurin ubansa. Ba a jawo gwani sai ya girgiza igiya sau uku. Ka jawo shi kafin nan, ka kunyata shi a gaban gari, kuma ka katse masa magana da masu rijiya, wanda ya fi muni. Dokokin nan biyu ba su taɓa karo ba, don Ɗan Baro ko a ƙasan rijiya surutunsa yake yi, mu da ke sama har mukan roƙe shi ya bar mu mu huta.

Da samarin kasuwa za su saurare ni, da na ce musu gardamarsu ta fi ƙarfinsu. Ba don Ɗan Baro ba, da ban taɓa shiga rami ba, da yunwa ta cinye mini gida. Ba don Illiya ba, da hannuna bai san komai ba. Abin da fim ɗinsu bai nuna musu ba shi ne ranar da maganar malaman biyu za ta haɗu a hannun ɗalibi ɗaya, ga rai a rataye, kuma babu ko ɗayansu a kusa da zai tambaya.

Tawa ranar ta same ni a wani ƙauye arewa da hanyar Mayahi, ba zan faɗi sunansa ba. Akwai tsohuwar rijiya a bayan garin, an rufe ta da itatuwa da ƙaya tun zamanin kakanni. Aka ce a buɗe ta a yashe, wani babba zai zo rangadi nan da 'yan kwanaki, dole ya tarar ana aiki. Dattawan garin suka yi ta kallon ƙasa, babu wanda ya ce a'a, don a wancan zamani ba a cewa a'a. Da muka ɗage itatuwan, abin da na fara lura da shi shi ne babu ƙadangare ko ɗaya a bangon, babu gizo-gizo, ko ƙuda ba ya giftawa ta bakin. Illiya ya zura fitila, ta yi nisa kamar gaba ashirin ta mutu. Ya sake kunnawa ya zura, ta mutu a wurin. Sau uku.

Ya ce iskar ciki ta lalace, sai an yi kwanaki ana zura rassan itace masu ganye ana jawowa kafin ɗan Adam ya shiga. Babban jandarman da aka turo ya ce babu kwanaki. Illiya, da bai iya lanƙwasa magana ba, ya ce, “To, ku shiga da kanku.” Nan take aka sa shi a mota. Wanda aka sa a mota a lokacin ba a tambayar yaushe zai dawo. Aka bar mana jandarma ɗaya da bindiga a gindin wata aduwa.

Ban taɓa ganin Ɗan Baro ya yi shiru irin na safiyar nan ba. Can ya kira ni gefe ya ce in dai ba a ga laka daga rijiyar nan ba, Illiya ba zai ga gida ba, guga ɗaya kawai yake so ya cika a nuna an fara aiki. Ya auna igiya, ya ƙulla jan tsumma a wani wuri.

“In tsumman ga ya kai itace, ku tsaya, nan zan gaishe su. Wagga rijiya ba ta son magana, kurum zan yi. Kada ka ja sai ka ji ukku.”

“Baba, hitila hwa ta mutu.”

Ya yi murmushi ya ce, “Hitila ba ta iya gaisuwa ba, Bahillace.”

Maza shida na garin suka kama igiya a bayana, ni ina gaba, tafina a inda Illiya ya saba aza shi, maganata suke jira. Muka fara zurawa. Ina jin ƙafafunsa suna taka bango, dama, hagu, dama. Tsumma ya kai itace muka tsaya. Na ji yana gyara tsayuwa, na ji ya dafa bango da hannu. Sai na ji ƙafa ɗaya ta zame, ɗayar ta bi ta. Igiyar ta ƙara nauyi, sannan ta fara juyawa a hankali a ƙarƙashin tafina.

Na san wannan nauyin. Watanni na yi ido a ɗaure ina koyonsa. Na buɗe baki, sai wani dattijo a bayana ya raɗa cewa, “Shina magana da su.” Jandarman ya taso ya tsaya kusa da ni yana leƙe. Zuciyata ta ce mini, in ka ja ya fito lafiya fa? Ka tozarta shi gaban gari, ka ɓata masa gaisuwa, ka bar Illiya a hannun soja. Kai wa, baƙo ɗan watanni, da za ka karya maganar Ɗan Baro? Na ce bari in ɗan jira ukun. Na jira gwargwadon a tatsi saniya biyu. Sannan na yi ihu na ce a ja.

Ya fito kansa a langaɓe ta baya, leɓunansa sun yi toka, layunsa duk suna nan a jikinsa. Aka yi fifita, aka zuba ruwa, aka kira sunansa. Kafin la'asar mun sallace shi. Mutanen gari suka yi ta sa mini albarka, wai ni na gane da wuri, ba don ni ba da sai ya kwana a ciki. Na karɓi albarkar.

Bayan kwana biyu aka sako Illiya, aka mayar da itatuwa da ƙaya bakin rijiyar, maganar rangadi ma ba mu sake jin ta ba. Ya je kabarin ya daɗe a tsaye, sannan ya neme ni. Ya kama hannuwana biyu ya juya tafin sama yana dubawa.

“Ka jiya?”

“Na jiya, Baba.”

“Yaushe?”

Na sunkuyar da kai. Ya sake ni. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. A aikinmu na gaba ni ya ba bakin igiya, shi ya shiga, yana rera waƙoƙin majami'arsu tun daga sama har ƙasa da muryarsa marar daɗi. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me Ɗan Baro zai ce da ya ga yau. Na san zai yi wa motar haƙar burtsatse dariya, ya ce ƙarfe ya shiga gidan mutane ba sallama. Amma ban san ko zai yi dariya ba in ya ga samarin Tasawa da Mayahi da ke zuwa rumfata sayen igiya za su ramukan zinariya a arewa. Nakan tambaye su wa zai riƙe musu, wa ya koya masa. Sai su ce, “Baba, igiya ai igiya ce.” Wasu sukan dawo, wasu sai dai a kawo jakarsu. Damina ta koma yi mana wasa da hankali, kaki ya dawo kan kujera, kuma har yanzu in magana ta fito daga sama ƙasa mutane ke kallo.

Abin da ya rage na Ɗan Baro ba kaɗan ba ne. Rijiyoyinsa suna nan tsakanin Urafane da Maijirgi, mata na jan ruwa ba su san sunan wanda ya haƙa ba. Ya shiga ramin da ya san fitila ta mutu a ciki don abokinsa ya koma gida, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba. Sannan ya bar 'ya ɗaya, Hadiza, wadda take ƙarama a lokacin, yanzu har da jikoki, dariyar ubanta sak. Kowace kaka sai ta aiko mini da wake a amalanken masu zuwa kasuwa. In na je garinsu sai ta tara 'ya'yanta ta nuna ni ta ce, “Ku gaida kawunku. Shi ya hiddo muna Baba.” Shekaru ina cin waken nan, ina amsa gaisuwar.

Hadiza, na san ɗanki malamin lakwal zai karanta miki wannan. Na ji lokacin da ƙafafun babanki suka saki bango. Na san abin da na ji, kuma na jira. Ko da na ja a lokacin zai rayu, ko ba zai rayu ba, ban sani ba, kuma ba ni da ikon in zaɓa wa kaina amsar da ta fi daɗi. Bana kada ki aiko da waken. Ni zan zo Urafane ranar kasuwa, in zauna a ƙofar gidanki, ki faɗa mini duk abin da kika ga dama.