Dabinon Ɗan Haya

A layinsu ba wanda ke kiransa da sana'arsa, duk da cewa da wuya a sami keken ɗinki a unguwar da bai taɓa kwana a shagonsa ba. Mai Duro ake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga ranar da ya tare a layin. Motar kaya ta tsaya, maƙwabta suna jiran su ga an sauke gado da katifa, sai ga ƙarti suna nishi da wani rabin duro cike da ƙasa, bishiyar dabino tsaye a ciki tana rangaji, shi kuma yana biye da su yana ta faɗin, "A hankali, a hankali, kar ku taɓa mata kai." Gadon sai daga baya aka tuna da shi.

Ɗan haya ne tun yana saurayi. Da aka raba gonar ubansu, abin da ya faɗo masa bai wuce wurin shimfiɗa tabarma ba, sai ya bar wa ƙannensa ya shigo gari ya koyi gyaran keke. Amma hannunsa bai manta da ƙasa ba. A gidan da ya fara kamawa bayan aure ya dasa gwaiba a bayan ɗaki, ya yi ta yi mata dakon ruwa a ka. Shekarar da ta fara 'ya'ya mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin. Suna ɗaure kaya, yaran gidan suna bisa gwaibar suna ci, suna ɗaga masa hannu. A ranar ya rantse ba zai ƙara saka ko ƙwayar gero a ƙasar wani ba.

Dabinon kuwa daga ƙwallo ya tashe shi. Wata tela ce ta ba shi 'yan ƙwayoyi bayan ya gyara mata keke, ya ci, ya tura ƙwallo ɗaya a gwangwanin madara ya ajiye bakin taga. Har ya fid da rai, sai ga wani siririn ganye kamar tsinken ciyawa. Daga gwangwani ta koma bokiti, daga bokiti ta koma baho, daga baho ta koma rabin duron da ya sa mai walda ya yanka masa ya huda gindin. Duk gidan da suka tare, ita ce ke fara shiga.

Wanda bai taɓa renon dabino a duro ba zai zaci ruwa ne kawai aikin. Shi Mai Duro ba ya zuba ruwa sai ya nutsa yatsa a ƙasar ya ji ta bushe, don ya ce ƙishirwa ba ta cika kashe dabino ba, jiƙa ce ke ruɓar da shi. Tsakuwa yake jerawa a gindin duron, sannan yashi da ƙasa da busasshen taki. Ba ya yanke reshe muddin da sauran kore a jikinsa, ko ya yi muni, sai dai ya bi ƙayoyin ƙasa da almakashi saboda idon yara. Tsakiyar kan kuwa, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, ko kaza ba ta isa ta leƙa ba. Zuciya ɗaya ce da dabino, in ji shi, kuma a nan take.

Amma babban aikin yana ƙasa. Duron kullum a kan bulo yake, bai taɓa zama a ƙasa ba. Duk ƙarshen mako sai ya rungume shi ya ɗan juya, don kowane gefe ya sami rana, sannan ya durƙusa ya zura hannu ta ƙarƙashi yana lalube. In ya ji wata saiwa ta leƙo ta huda, ya datse ta.

"Saiwa ɓarauniya ce," yakan ce. "Kullum ƙofa take nema."

Matarsa ba ta taɓa yarda bishiyar mace ce ba. Dabinon da aka tayar daga ƙwallo ba a sanin jinsinsa sai ya yi fure, wannan kuwa ta shekara ashirin da ɗoriya ba fure ba labari.

"Namiji ne, Malam," takan ce in tana shanya. "Dubi yadda ya harɗe a inuwa ana kawo masa ruwa yana buɗa baki. Ai ko a mafarki mace ba ta samun wannan hutun."

"Ke dai bar ta. Kunya ce da ita."

"Kunya? To Allah ya ba ni irin kunyar, ni ma a riƙa juya ni ina shan rana."

A haka suka haifi yaransu suka aurar, a haka ta saba da ratsa igiyar shanya ta gefe don kada zani ya maƙale a ƙaya.

Gidan layin nan shi ne wanda suka fi daɗewa a ciki. Mai gidan wani dattijo ne, Alhaji, da ke zaune a sashen gaba, mutum mai son hira. Da la'asar yakan jawo kujera gindin dabinon su yi ta taɗi da Mai Duro. Wata rana bulo ɗaya ya farfashe saboda nauyi, duron ya karkace, saura ƙiris ya danne jikar Alhaji. Mai Duro ya tashi zai nemo sabon bulo, sai dattijon ya riƙo hannunsa.

"Haba Malam, sai yaushe za ka sauke baiwar Allahn nan ta huta? Kai ma bayanka ya fara gardama, ina ganinka in kana juya ta. Cire bulon nan ka ajiye ta ƙasa. Nan gidanka ne, ba mai tashinka."

Ba wanda ya taɓa gaya masa wannan magana tun da ya baro ƙauye. Ta shige shi har ƙashi. Ya duba wurin, siminti ne, ban da wata 'yar tsaga da ba ta kai faɗin yatsa ba. Aka zare bulon. Da duron ya zauna daram a ƙasa, juyawa ta gagara, lalube ta ƙarƙashi ma ba hali. Da farko abin ya riƙa damunsa duk ƙarshen mako, daga baya ya daina tunawa.

Bishiyar kuwa sai ta sake. Rassan da a da ba su fi tsawon hannu ba suka miƙe har suna shafar kwanon ɗaki. Koren ya yi duhu. Ta fid da 'ya guda a gindinta, cikin duron. Mai Duro ya ce sabon takin da ya samo ne, ya yi ta yabon mai awakin da ya ba shi. Sannan wata safiya ya ga wani kube ya tsage tsakanin rassa, fure ya bayyana. Ya kira wani tsohon mai lambu ya duba, mutumin ya ce mace ce.

"To, Hajiyar gardama," ya ce da matarsa, bakinsa har kunne, "sai ki ba ta haƙuri."

"Na ba ta. Amma wallahi ta iya ɓoye ciki."

Ya yi tafiyar yini guda ya samo furen namiji, ya hau kujera ya ɗaɗɗaura mata a cikin nata. 'Ya'ya suka kama, ƙanana kore shar. Suna cikin girma Allah ya yi wa Alhaji rasuwa.

Babban ɗan Alhaji, wanda 'yan layin ke kira Magajin Gida, bai bari tabarmar gaisuwa ta huce ba ya kawo masu saye. Mai Duro bai yi gardama ba. Tashi ba baƙon abu ba ne a wurinsa, ya nemi wani ɗaki a can gefen gari, ya kira masu ɗaukar kaya. Ƙartin suka kama duron suka ce bismillah. Ko gezau. Suka ƙaro mutum, suka sa ƙarfe suka ɗan banƙara gefe, sai ɗayansu ya leƙa ya yi salati.

Babu gindin duro. Tsatsa ta cinye shi tuni. Saiwoyi farare masu kaurin fensir, sun fi a ƙirga, sun dunƙule sun bi ta tsagar nan, sun buɗa ta, sun nutse cikin ƙasar gidan.

Magajin Gida yana tsaye yana kaɗa makullin mota. Ya leƙa shi ma, ya miƙe yana murmushi.

"Alhamdu lillahi. Baba, dama ina jin nauyin yi maka maganar. Mai sayen nan bishiyar ce ta fara ɗaukar idonsa, da ita muka yi ciniki. Ka ga Allah ya raba gardama."

"Da ita kuka yi ciniki? Da wa ka shawarta?"

"Ai bishiya ba kujera ba ce, Baba. Duk abin da saiwarsa ke cikin ƙasar gida, na gida ne. Abin da ke cikin duronka naka ne, ban hana ka ba."

"Yaro, ran da na sa ƙwallon nan a gwangwani kana yawo ba wando. Ruwan da ta sha a hannuna ya isa ya yi maka wanka har ka tsufa. Ubanka ne da bakinsa ya ce in sauke ta!"

"Allah ya jiƙansa. Shi ya ce, ni ban ce ba."

Matar Mai Duro ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu, mayafi a karkace.

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Ko sau ɗaya ka taɓa zuba mata ruwa? In ka shigo ba kaucewa kake yi kana tsaki wai ƙaya za ta yaga maka riga ba? Yau kuma ta zama gadon ubanka?"

"Mama, ni ba faɗa na zo yi ba."

"Ai ba ka zo faɗa ba, ɗauka ka zo yi!" Ta juya wurin mijinta. "Malam, ɗauko zarto. Yanke saiwar mu tafi da abarmu. In mutuwa za ta yi, ta mutu a hannunka."

Ya ɗauko zarton. Ba da Magajin Gida kaɗai yake fushi ba. Yana fushi da dattijon da ya yi masa alkawari da gidan da ba zai dawwama a ciki ba. Yana fushi da kansa, mutumin da aka ci gwaibarsa a gabansa amma magana mai daɗi guda ta sa ya zare bulo. Har da bishiyar yake fushi, wadda ya yi ta yabon taki a kanta alhali ita ta san inda take cin abincinta.

Ya durƙusa ya kafa zarton. Sai ya tsaya yana kallon saiwoyin. Ya san abin da zai biyo baya. 'Yar ƙasar da ta rage a duron ba za ta riƙe wannan kan ba. 'Ya'yan za su zube kafin motar ta kai bakin titi, rassan su bi baya, in zuciyar ta bushe shi ke nan. Ya ɗaga kai. Tun da yake da ita bai taɓa ganinta da ƙiba irin ta yau ba, kuma ba shi ya ba ta ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya ajiye zarton.

"Malam!" in ji matar.

"Ba zan kashe ta don in huce ba."

Ya ce a miƙo masa wuƙa da bokiti. Ya tone ƙasar duron a hankali ta gefen 'yar da ta fito a gindi, har ya ga inda ta manne da uwar da kuma 'yan saiwoyinta, ya raba su da yanka guda.

"Baba, wannan ma ai jikin bishiyar ce," in ji Magajin Gida.

Mai Duro ya ɗago 'yar da ƙasarta ya kai masa har gaban hanci.

"Duba da kyau. Akwai saiwa ɗaya a nan da ta taɓa ƙasar ubanka? A durona ta fito, a durona ta tsaya. Kai ka faɗi dokar, ba ni ba."

Ƙartin suka kwashe da dariya. Magajin Gida ya duba agogo ya ce yana da wurin zuwa.

Kafin su fita Mai Duro ya tsaya a ƙofa ya ce a gaya wa mai sayen kada ya yanke kore, kuma in fure ya fito baɗi a nemo mata na namiji. Sannan ya juya ya bi kayansa. Bai ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya daga 'ya'yanta ba. Har yau in hanya ta bi da shi layin yakan hango kanta ta saman sabuwar katangar da aka ɗaga, ya ga an aske mata rassa kore don kada su taɓa mota, ya yi ƙwafa ya wuce. In aka taɓo zancen a shago, sai ya ajiye sukudireba ya faro shi tun daga gwaiba, muryarsa tana hawa, har mai keken ya manta abin da ya kawo shi.

Ranar da suka tare a sabon gidan, bokitin 'yar dabinon ne ya fara shiga. Mai gidan wata gwauruwa ce mai fara'a, ta fito tana yi musu maraba, ta tarar da shi durƙushe yana jera bulo a tsakar gida.

"Ikon Allah, Baba, wannan 'yar shukar ce har da su gado? Ga fili can bayan ɗaki, dasa ta a ƙasa mana. Ku saki jiki, nan gidanku ne."

Mai Duro bai ɗago ba. Matarsa ta dubi matar, ta dube shi, sannan ta sauke ƙullin kayan da ke kanta, ta je ta ɗauko wani bulon ta miƙa masa.

"Ƙara wannan, Malam," ta ce. "Bai yi tudu ba."