Firjin Garinmu a Hanyar Guangzhou

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga harabar masana'antar, a wani gari na lardin Hubei, mu uku a gaban mota: ni, da direba ɗan ƙasar Sin, da wani dattijon garinmu da kowa ke kira Baba Alhaji. A bayanmu muna jan asibitin tafi-da-gidanka, wata farar tirela mai gadaje biyu da wurin wanke hannu, wadda ƙungiyar ci gaban garinmu ta yi karo-karo aka ƙera. Aikinmu mu kai ta tashar jirgin ruwa ta Guangzhou. Ni an zaɓe ni ne don na saba zuwa sarin kayan waya, kuma ina ɗan tsintar yarensu. Baba Alhaji kuwa idon ƙungiya ne, kuma wallahi ya riƙe aikinsa, don ko tari na yi sai ya waiwayo.

Abin da ya fi komai daraja a tirelar shi ne firjin ajiye allurar rigakafi. Da gas yake aiki, saboda wutar lantarki a garinmu sai dai labari. Injiniyan masana'antar ya ja mini kunne sosai. In mota na tafiya babu damuwa, girgiza na motsa ruwan da ke cikin bututun firjin. Amma in aka tsaya aka bar shi a kunne alhali tirela ta karkace, ruwan zai taru wuri ɗaya, bututu ya toshe, firji ya koma akwatin ajiye kaya. Ba ya gyaruwa, sabo kuma sai an jira watanni. Nas ɗin garinmu ta daɗe tana ɗauko allurar yara a kula, a bayan babur, wani lokacin kafin ta iso ƙanƙarar ta narke ta zubar da komai. Wannan firjin take jira.

Maganin abin mai sauƙi ne, a bar shi a kashe har mu isa. To, amma ana gobe za mu tashi Baba Alhaji ya gano wani mahauci Musulmi, ya sayo cinyar rago guda, ya naɗe ta a baƙar leda, ya cusa a firji ya kunna da kansa. Na ce, “Baba, ai da an soya shi.” Ya ce soyayyen nama ƙwarnafi yake sa masa, kuma shi ba zai ci abin da bai san wanda ya yanka ba. Sa'an mahaifina ne, don haka na haɗiye maganata.

Titin nasu kam sai sam barka, ba rami ko ɗaya, sai dai ba a nisa sai an tsaya biyan kuɗin hanya, direba na miƙawa yana ƙunƙuni. Lokacin ana tsakiyar wasannin Olamfik a Beijing, ko'ina tutoci, kuma a kowane shinge sai an karɓi fasfonmu an juya shi gaba da baya. Gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, manoma da malafa suna bin bauna cikin taɓo. Da rana muka sami shagon taliya na Musulmi, mai koren allo, kwano kwai shida, kwai shi ne sunan kuɗinsu. Mun shiga lardin Hunan lokacin, kuma ba wanda ya gaya mana barkononsu ba na wasa ba ne. Baba Alhaji, mai bugun ƙirjin cewa yajin gidansa ya fi na kowa, sai ga shi yana share hawaye da hannun riga yana cewa tururi ne.

Da yamma muka shiga neman masauki. Otal na farko, matar na ganin fasfonmu ta ce “meyo”, wato babu. Na biyu meyo, na uku ma ko zama ba a bari mun yi ba. Wai ba su da izinin saukar da baƙin waje, kuma a wannan lokacin ba mai son jan magana. Dole muka koma filin da manyan motoci ke kwana, muka ce asibitinmu ya zama ɗakinmu.

Filin gangare ne. Na ce wa direba ya zare kan motar, mu sauke ƙafafun tirela mu daidaita ta cikin sauƙi. Shi ma ya ce meyo. Da hannu da baki ya fahimtar da ni cewa 'yan sanda na iya zuwa kowane lokaci su ce a tashi, kuma in ya zare a kan gangare, mayar da ita aikin rabin yini ne. Dole a daidaita ta tana maƙale da mota.

Jama'a, ban taɓa sanin akwai aiki irin wannan ba. Muka cika kwanon shan Baba Alhaji da ruwa daidai zanen bakinsa, muka ajiye a ƙasa gaban firji ya zama ma'auninmu. Shi yana ciki yana kallon kwano, ni ina waje da falankai, direba na kan sitiyari, ba ya jin Hausa ko ta zo in kashe ka. Baba ya ce hagu ta yi ƙasa. Na jera falanki a bayan tayoyin hagu, na ɗaga wa direba hannu, ya ja baya, tayoyi suka hau suka zarce suka faɗo. Muka sake. Da gefe ya daidaita sai ya ce gaba ya nutse. Tunda gaban tirelar a kan mota yake zaune, sai motar aka ɗora wa tayoyin baya a kan wasu falankan. Sannan na sauke ƙafafun gaba a hankali, su taɓa ƙasa kawai ba tare da sun ɗaga ta daga mahaɗarta ba, na sa waigi. Ina miƙewa sai na ji, “Yanzu kuma dama ce!” Na leƙa, ashe zagaya kwanon yake yi yana duba shi ta ko'ina, nauyinsa ne ke kaɗa ruwan.

“Baba, don girman Allah ka tsaya wuri ɗaya!”

“Kai, ni kake yi wa tsawa?”

Sai da magariba ta kusa wucewa muka gama. Na yi gumi sharkaf, sauro ya gama da ƙafafuna, duk saboda cinyar rago.

Washegari muka kama hanyar duwatsu, wajen iyakar Guangdong. Mota na shiga rami a cikin dutse tana fita, ƙasa kuma ja wur kamar ta hanyar Zariya. Da la'asar ruwa ya tsuge. Cikin ikon Allah muka sami fili, direba ya tsaya, na ajiye kwano, ruwa ya kwanta daidai zane tun ba a sa falanki ko ɗaya ba. Har na fara hamdala sai Baba ya zaro na'urar duba alƙibla daga aljihu. Ya ce ba damar sallah a waje cikin wannan ruwa, a ciki kuma tsakanin gadajen matsattse ne, sai an juya tirelar ta dubi alƙibla. Na ce ai kowa na iya ɗan karkata sallayarsa. Ya ce shi tun da yake bai taɓa sallah a takure ba, ba kuma a ƙasar Sin zai fara ba.

Haka direba ya juya, yana kallona kamar ni na haifi dattijon. Tirela ta gitta gangare, tayoyin dama suka sauka kan jar ƙasa. Na zuba duk falankan da muke da su, na ƙara da duwatsu, ruwa na dukana, amma ruwan kwano na nan yana lasar baki ɗaya. Raina ya gama ɓaci. Na shiga tsamo-tsamo na murɗe gas ɗin na kashe. Na ce, “Baba, naman nan in zai ruɓe ya ruɓe.” Ya juya ya shimfiɗa sallayarsa.

Da asuba na farka na ji ni manne da bango. Ƙasa ta jiƙe, tayoyin dama sun ƙara nutsewa, kwano ya zubar da rabin ruwansa. Na dubi ƙasan firji, sai ga 'yar shuɗiyar wutar tana ci. Ashe Baba ya sake kunna ta cikin dare. Ban san tsawon lokacin da ta yi a kunne ba. Na kashe, na juya kan Baba Alhaji, na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa mai furfura ba. Na ce matan garinmu sun sayar da awaki sun ba da kuɗin nan, shi kuma ya zaɓi cikinsa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya buɗe firjin, ya kwance baƙar ledar, ya ɗaga naman. A ƙarƙashi akwai ƙananan kwalabe da sirinji.

“Allurar ciwon suga ce,” in ji shi. “Zafi yana kashe ta. Ko 'ya'yana ba su sani ba. In suka ji, sun zaunar da ni a gida ke nan, ƙungiya ma ta ce na tsufa.”

Na ji tausayinsa, amma ba zan ɓoye muku ba, haushin bai tafi ba. Na ce, “Haba Baba! Ai da ka gaya mini, ƙanƙarar kwai biyu a fulas ta ishe mu.” Ya ce bai saba buɗe cikinsa ga yara ba. Ni da ke da 'ya'ya huɗu.

A gidan mai na farko na sayi fulas da ƙanƙara, muka zuba kwalaben. Daga nan har Guangzhou ban ga komai a hanya ba, hankalina na kan firji. Muka shiga garin cikin zafi mai maƙo, gadoji a kan gadoji, muka wuce dogayen benayen unguwar Tianhe zuwa filin ajiye kaya kusa da tasha. Wakilin jirgi ya ce sai gobe za a karɓa. Abokan kasuwancina suka yi ta kira in zo mu ci tuwo a unguwar 'yan Afirka, na ce su ci da rabona.

Muka sake daidaita tirelar, wannan karon Baba na zaune a tsakiya ko motsi ba ya yi, yana faɗin gefen da ya yi ƙasa da murya ƙasa-ƙasa. Da ruwa ya kwanta kan zane na yi bisimilla na kunna, na sa kofin ruwa a ciki. Bayan sallar isha'i na taɓa bangonsa, babu sanyi. Da asuba Baba ya riga ni tashi, amma ya kasa buɗewa, ya ce in buɗe. Na sa yatsa a kofin, sai na ji ƙanƙara ta fashe. Dattijo ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hannu. Naman kuwa a ranar muka gasa shi, direba ya ci fiye da kowa.

Na dawo gida ta jirgin sama, tirela ta biyo ruwa ta Legas, ta iso bayan makonni. Ranar buɗewa na isa a makare. Me zan gani? 'Yan kwamitin ƙungiya sun ajiye ta a gindin ɗorawa a kan tudu don ta yi kyau a hoto, ta karkace ƙarara, an kunna firji an cika shi da lemon manyan baƙi. Kafin in buɗe baki na ji muryar Baba Alhaji ta karaɗe wurin. Ya naɗe babbar rigarsa, ya kashe gas da hannunsa, ya sa aka kwashe lemon, ya ce a kawo masa kwano da ruwa da falanki. Shugaban kwamiti ya ce a bari a gama jawabi. Baba ya dube shi, a gaban 'ya'yansa da duk garin, ya ce, “Ni mai ciwon suga ne. Maganina a nan zai zauna tare da na jikokinku. Ba wanda zai yi jawabi sai ruwan nan ya kwanta.”

Tun daga wannan tafiyar, in dattijo ya kafe kan abin da ba shi da kai, nakan ja shi gefe in tambaye shi kafin in ɗaga murya. A ranar dai ni na durƙusa da sabuwar shaddata ina tura falanki ƙarƙashin taya, nas ɗin na tsaye da kularta tana jira, Baba kuma na ciki yana kiran hagu ta yi ƙasa.