Daminar da Muryar Baba ta Dushe

Mahaifina ladan ne. Tun ina rarrafe yake kiran salla a wani ƙaramin masallaci a Gawon Nama, abincinmu kuwa daga rumfarsa ta gero da dawa yake fitowa. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce wa mahaifiyata, wadda muke kira Inna, "Ina wagga?" Na yi aure, na koma Tudun Wada, na zama malamar firamare, amma a bakinsa ina nan a wagga, wato "wannan".

Wata damina ruwa ya tare shi a hanyar dawowa daga kasuwa. Bai fake ba, don yana gudun kada Magariba ta riske shi a hanya. Ya iso sharkaf, ya kira salla da jiƙaƙƙiyar riga, washegari ya tashi da mura. Hanci ya toshe, atishawa ba tsayawa, ga wani busasshen tari mai kankare maƙogwaro. Kafin a jima murya ta dushe. Wani tela maƙwabcinmu ya karɓi kiran salla, mutumin kirki mai siririyar murya. Inna ta ce duk lokacin da lasifika ta ɗauka, Baba sai ya runtse ido kamar ana cire masa ƙaya.

Ranar Asabar na je duba shi da hantsi. Na same shi a zaure yana gyangyaɗi a zaune, carbi ya zame masa daga hannu. Wannan bai yi kama da Baba ba, mutumin da ko ƙailula ba ya yi. Da na gaishe shi ya buɗe ido da ƙyar, ya amsa, ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa ce ke ta gudu tun jiya, kansa kuma ya yi nauyi.

A gefen tabarmarsa akwai kwalbar maganin mura ta ruwa, an sha kusan rabi, da wasu ƙwayoyi a leda. Na shiga ciki na tambayi Inna.

"Kwalbar nan amininshi na kasuwa ya kawo mishi," in ji ta. "Ƙwayoyin kuwa wani ɗan masallaci ne. Duka shika haɗawa. Ba cokali ba komi, kafa kai shikai ya kurɓa. In tari ya taso ya ƙara."

"Maganin hawan jininshi fa?"

"Shina sha."

Na dawo na ɗauki kwalbar. Rubutun jikinta ƙanana ne, amma na gane an jera sunayen magunguna har uku, na kuma ga wani layi da ya ambaci masu hawan jini. Na durƙusa na ce, "Baba, ina son mu tai kemis a duba wanga magani."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce magani ne mai kyau, amininsa ya sha ya warke, kuma ba zai ɗauki kyautar mutum ya kai a bincika kamar kayan sata ba. Ban taɓa musu da shi ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Can sai tela ya ɗaga murya da kiran Azahar, na ga fuskar Baba ta yamutse.

Na ce, "Baba, muryarka ba taka ba ce kai ɗai. Unguwa duka na jiran ta. In wanga magani bai dace da kai ba, jiran zai yi tsawo."

Ya tashi ya yi alwala, ya tafi masallaci, na zauna ina tunanin na ɓata masa rai. Da ya dawo sai ya tsaya a bakin zaure da hularsa ta fita, ya ɗaga murya iya yadda ta ba shi dama ya ce wa Inna, "Ce ma wagga ta samo keke mai ƙafa uku."

Kemis ɗin da na kai shi na wata mata ce da ta karanci harhaɗa magunguna. Ta ba Baba kujera, ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi kwalbar da ledar ƙwayoyin ta ajiye su gefe da gefe.

"Baba, wagga kwalba magani uku ne cikin guda," ta ce. "Ɗaya shina buɗe hanci. Ɗaya shina tsai da atishawa da yoyon hanci, shi ne ka sa barci da bushewar baki. Na ukun shina kwantar da busasshen tari. Ƙwayoyin ga kuma akwai biyu daga cikinsu a ciki. Ka ga ninki biyu kake sha ba ka sani ba."

Ta bayyana cewa mai buɗe hancin yana matse jijiyoyin jini, saboda haka yana iya ɗaga jinin mai hawan jini, ya sa zuciya sauri. Ta naɗa masa abin awo a damtse. Da ta ga abin da ya nuna ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce daga nan asibiti za mu wuce, yau ba gobe ba. Sannan ta dube ni ta ce in ɗan ba su wuri. Na fita waje. Daga baya Inna, wadda Baba ya ba labari, ta gaya mini matar tambayarsa ta yi ko fitsari yana yi masa wuya, don irin maganin nan yana riƙe wa dattawa fitsari, ya kuma amsa cewa haka ne, kunya ce ta hana shi faɗa.

A asibiti likita ya sake awo, ya saurari ƙirjinsa, ya ce ya bar kwalbar da ƙwayoyin gaba ɗaya, ya ci gaba da maganin jininsa. Ya rubuta masa ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ya ce ya yawaita ruwan ɗumi da zuma, ya huta da magana, ya dawo a sake duba jinin. A hanyar gida, da keke ya faɗa rami sai Baba ya miƙo hannu ya tare ni kada in bugu da ƙarfe.

Ni ma ban tsira ba. Jinyar 'yan kwanaki sai ga mura ta kama ni, irin tasa sak. Na koma wurin matar nan na tambaye ta ko zan iya shan irin maganin. Ta tambaye ni ko ina da juna biyu ko ina shayarwa, ko ina da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko asma, ko akwai wani magani da nake sha. Duka na ce babu. Ta ba ni sabuwar kwalba, ta nuna mini layin da ke jikin murfin awo, ta ce cokalin miya ba ma'auni ba ne. Kada in ƙara a kan abin da aka rubuta, kada in kusanta lokaci don tari ya dame ni, kada in haɗa da wani maganin mura. Ta ce in bar tuƙi muddin ina sha, in kuma ɗaga kwalbar inda ƙaramin ɗana ba zai kai ba, don ba na yara ƙanana ba ne. Idan zazzaɓi ya zo, ko tarin ya koma mai kaki, ko numfashi ya yi wuya, ko aka wuce mako ba sauƙi, in tafi asibiti.

Haka na yi. Na ajiye tsohuwar motar maigidana da nake zuwa makaranta da ita, na shiga keke. Maganin ya sa ni barci kamar yadda ta faɗa, amma hancina ya buɗe, tarin ya lafa. Da na ji sauƙi na daina sha, ban jira kwalba ta ƙare ba.

Ina gidanmu ranar da Baba ya koma bakin aikinsa. La'asar ce, an ɗauke ruwa, ina taya Inna tsince shinkafa a tsakar gida. Lasifika ta yi ƙara, sai muryar ta fito, cikakkiya, mai kauri, ba ko gargada. Inna ta ajiye faifai. Daga bayan katanga muka ji maƙwabciyarmu tana cewa, "Alhamdu lillahi, Malam ya tashi." Ni kuwa na sunkuyar da kai ina tsintar tsakuwar da babu ita.

Bayan salla ya shigo tare da amininsa, wanda ya kawo kwalbar. Dattijo ne mai yawan raha, yana tafe yana jan hanci, ashe shi ma murar ta dawo masa. Baba ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko an taɓa auna jininsa. Ya ce rabonsa da awo tun tafiyar Hajji, kuma a lokacin ma an ce ya ɗan hau. Baba ya miƙa hannu, aminin ya laluba aljihun babbar riga ya fito da tasa kwalbar ya ba shi ba musu.

"Gobe da sahe za mu asibiti, ni da kai," in ji Baba. "Ni ma ranar awona ce."

Aminin ya yi dariya ya ce yaushe ladan ya zama likita. Baba ya gyara zama, ya nuna ni da haɓa ba tare da ya dube ni ba.

"Ɗiyar ga ta ja ni, ni kuma in ja ka."

Inna ta kawo musu ruwan ɗumi da zuma a kofi biyu, suka sha suna gardamar farashin gero.