Dutsen Anang da ya je Kano ya dawo

Jama'a, da safen nan ina shiga shago labari ya tare ni a bakin ƙofa: Anang ta bar Dubai. Tun asuba jirginta ya ɗaga.

Ku kwantar da hankali, lafiyarta ƙalau. Ni ce dai na yi tsaye da jaka a hannu kamar an dasa ni.

Ga wanda bai san ta ba, shekara huɗu muna aiki tare a shagon kago, wato na tura kaya, a unguwar Al Ras. Duk Alhajin da ya shigo sai ya ce, "Kira min 'yar Chanan nan." Sai ta yi murmushi ta gyara masa: "Ni 'yar ƙabilar Nu ce."

Mutanenta suna zaune a wani kwazazzabo a lardin Yunnan na Chana, kusa da iyakar ƙasar Bama, duwatsu hagu da dama, kogi a tsakiya. Ta ce tana ƙarama a jikin igiya suke tsallaka kogin. Na ce ƙarya! Sai da ta nuna min hoto. Ta ce su Nu ɗin yarensu ma ba ɗaya ba ne, kuma na ƙauyensu yanzu tsofaffi ne suka fi riƙe shi.

Tana da wani faffaɗan dutse baƙi, sirit kamar faranti, da babarta ta naɗe mata a saƙaƙƙen mayafi mai ratsi-ratsi ranar da za ta bar gida. A kicin ɗin bayan shago take ɗora shi a wuta, ta zuba ƙullun wani hatsi nasu mai ɗan ɗaci, ko ɗigon mai babu, ya gasu kamar wainar fulawa, mu dangwala da zuma. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ta gasa ta kai min har ɗaki.

To ni uwar gaggawa, Ummata ta ce in aiko mata samfurin tayil Kano. Na ga abu naɗe a kan tebur, na ɗaga gefe, na ce yawwa an kawo. Na cusa a kwali, kwali ya shiga kwantena, khalas, shi ke nan.

Washegari na iske Anang durƙushe tana leƙa ƙarƙashin kantar shago, tana neman dutsenta. Da na gane abin da na aikata, wallahi nan take na faɗa mata dutsenta na tura Kano. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kakata ma a kansa ta gasa." Gara da ta zage ni.

Wata biyu ina addu'a kada ya fashe a hanya.

Da kaya suka isa Kano na kira Umma. Ta ce, "Ke Rabi, wannan tayil ɗin naki ai bai yi ba, ko ƙyalli babu. Amma ya zauna daram a bakin randa."

Marfin randa, jama'a! Anang ta yi dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Umma ta wanke shi, ta naɗe, ta haɗo da kilishi na ban haƙuri, wata Hajiya ta riƙo mana shi Dubai a jakar hannu.

Ranar Juma'ar nan ta gasa mana. Ta ce babarta ta tsufa, za ta koma ta zauna da ita, ta ɗauki muryarta a waya tana ba da labaran da a yarensu kafin su tafi tare da ita. Ni na ɗauka sai ƙarshen wata.

Ashe haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan.

Yanzu na zauna a tebur, sai ga mayafin nan mai ratsi-ratsi, dutsen a naɗe a ciki, da 'yar takarda a kai: "A garinmu dutse ko'ina. Ke ce ke nesa da gida yanzu. Ki riƙe shi, ai ya san hanyar Kano."

Na yi kuka, na yi dariya, har wani Alhaji ya tambaya ko lafiya.

Allah Ya kai ki lafiya, ƙawata. Allah Ya sa ki iske Mama da ƙarfinta da bakinta, ku daɗe kuna hira. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya ce amin.

Umma, in kin ga wannan, ki nemi wani marfin.