Wace Wutar?

Idan ka shiga Agege ta wajen layin dogo ka tambayi Habibou maƙeri, za a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce kana neman Wace Wutar, ko mai tallar ruwan leda zai nuna maka shagon Hajiya Najiba. Can za ka same shi, dogo, siriri, gemu duk furfura, da wani ɗan makulli rataye a wuyansa inda wasu ke rataya laya. Mutane na yi masa dariya a kan makullin nan, galibi waɗanda ba su san dalilinsa ba.

Habibou ɗan Damagaram ne, maƙeri gaba da baya. A gidansu ba a san tsoron wuta ba, kakansa da hannu yake gyara garwashi in awartaki ya yi masa nisa. Fari ne ya koro shi Legas. Ya taɓa gadi a garejin tireloli a Mile 2, gadin bai karɓe shi ba, ya dawo Agege yana wasa wa mahauta wuƙaƙe. A nan Hajiya Najiba ta gan shi. Ita haifaffiyar Agege ce, ta gaji shagon ƙira daga mahaifinta, mace mai zafin nema wadda in ta fara faɗa da Hausa sai ta ƙarasa da Yarbanci. Hayaƙin gawayi ya haɗa ta da maƙwabta har ta gaji, sai ta sayo tanderun lantarki daga Isolo don gasa wuƙaƙe da haƙoran injin markaɗe kafin a tsoma su a mai su yi tauri.

Wanda ya kafa tanderun wani mai gyaran lantarki ne, Longji, mutumin Fankshin, gajere mai fara'a, kullum yana ƙunƙunin waƙar coci. Ya sa aka zuba daɓen kankare, ya janye tanderun daga bango, ya ja masa wayarsa mai kauri shi kaɗai, ya kafa ƙarfe a ƙasa don ɓataccen lantarki ya samu hanyar wucewa. Ya kunna shi kaɗan-kaɗan har bulon ciki ya bushe. Sannan ya nuna wa Habibou abu biyu. Na farko babban makunni, wanda Hajiya ta nace a sa a ofishinta. Na biyu wani ɗan makunni a bakin ƙofar tanderun, wanda da an buɗe ƙofa yake yanke lantarki daga naɗaɗɗun wayoyin da ke jikin bangon ciki.

"Maƙeri," in ji Longji, "in ka ga lantarki ya kama mutum, kar ka taɓa shi. Je ka kashe tukuna."

Ranar da aka fara aiki, Habibou ya leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Wuta ce ja wur har tana neman yin fari, amma ba harshe, ba hayaƙi, ba ƙara. Daga waje akwatin ƙarfe ne kawai mai kama da firji. Jikan masu ɗaukar garwashi da hannu ya ji tsoro, kuma bai ɓoye ba. Ya ce wutar da ya sani takan yi magana kafin ta ci mutum, wannan kuwa kurma ce. Tun daga ranar ba ya buɗe ƙofar sai da safar hannu da gilashin fuska, yana tsaye a gefe, kuma ba ya bari ƙarfe mai laima ya shiga ciki.

Laƙabin nasa Sharif mahauci ne ya jawo shi. Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, lambobin da ke goshin tanderun suka mutu. Sharif, wanda ko a layin alwala gaggawa yake, ya shigo neman wuƙaƙensa, ya tambayi Hajiya, ta ce masa ai babu wuta. Shi ke nan ya fizge ƙofar. Hucin da ya fito ya tafi da girarsa da rabin gemu, ya yi wata guda yana yawo kamar gasasshen kan rago.

Unguwa ta sha dariya, Habibou bai yi ba. A garinsu lantarki kuran ake ce masa, wuta kuma wuta ce. A nan kalma ɗaya ke ɗauke da ma'ana biyu. Daga ranar duk wanda ya ce wuta a shagon, ko Hajiya ce, sai ya tsare shi da ido.

"Wace wutar? Kuran ko zafi?"

Haka aka yi shekaru, shi da Longji suka zama aminai, suna cin burodi da wake a kwano ɗaya.

Gab da wata Babbar Sallah, lokacin da kowane mahauci ke neman sabuwar wuƙa, Longji ya tafi gida jana'izar mahaifiyarsa. Sai ɗan makunnin ƙofa ya lalace, tanderu ya ƙi kamawa. Hajiya ta kira wani mai gyara na bakin titi, ya haɗe makunnin da guntun waya, ya zama ko ƙofa na buɗe lantarki na gudu. Don neman suna har ya jona mata fankar ofis a babban makunnin tanderun. Habibou ya yi ƙorafi har bakinsa ya bushe.

"Ko si wahala, Baba Habibou," ta ce da Yarbanci, wato ba damuwa. "Injiniya na dawowa zai gyara. So kake kwastomomi su gudu?"

Bayan Sallah ɗaya daga wayoyin ciki ta tsinke ana cikin aiki, kafin a yi wani abu kuma aka ɗauke wutar unguwar gaba ɗaya. Kwanaki suka wuce ba ta dawo ba, tanderu ya huce.

Ranar Juma'a Habibou ya makara. Yana tsugune a famfon masallaci, liman ya riga ya hau mumbari, wayarsa ta yi ƙara. Longji ne.

"Maƙeri, na dawo, ina shago. Akwai wuta a tanderu?"

"Babu, Injiniya. Sanyi ƙalau. Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah. To bari na shiga ciki na gyara wayar da ta tsinke."

Ya kashe waya, ya kutsa ya samu wuri a tsakiyar masallaci. Zafi ake kamar a bakin maƙera, kowa na fifita da hula. Huɗuba ta yi nisa, sai ya ji iska ta taɓa ƙeyarsa. Ya ɗaga kai. Fankar da ke samansa ta fara juyi a hankali.

Mutane suka yi ajiyar zuciya. Shi kuwa maganar Longji ce ta faɗo masa a rai. Bai tambaya ba. Shi da ya addabi Agege da tambaya ɗaya, yau da aka zo wurin yin ta bai yi ba. Ya ba da amsar zafi, Longji kuwa lantarki yake nufi. Babban makunni yana sama, don Hajiya kullum a sama take barinsa saboda fankarta, ta kulle ofis ta tafi kasuwar Oyingbo. Makunnin ƙofa a haɗe yake, Longji bai sani ba. Tanderun kuma da an kawo wuta yake ci gaba daga inda ya tsaya, ba ya jiran izinin kowa.

Fankar ta yi ɗan juyi ta tsaya. Duk ɗan Agege ya san wannan: ɗanɗano ne, ta gaskiyar tana tafe.

Habibou ya miƙe ana tsakiyar huɗuba, abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙa tsallake kafaɗun mutane, ana jan rigarsa, ana harara. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya kira Longji, tana ta ringi ba a ɗauka, ya jefa wayar aljihu ya zura da gudu. Kwalta na cin tafin ƙafarsa, duwatsun layin dogo na yankarsa, ya bangaje tiren mai lemu, wani ɗan okada ya ɗura masa ashar da Yarbanci. Tsoro biyu ke cin sa. Ɗaya kada wutar ta riga shi. Ɗayan, wanda ya fi muni, kada ɗanɗanon nan ya riga ya gama aiki, ya zama gawa yake yi wa gudu. Me zai ce wa Kaneng, matar Longji, da ko baƙin kayan makokin surukarta ba ta cire ba?

Ya faɗa shagon. Ƙofar tanderu a wangale, Longji kwance rub da ciki a kan katako, kai da kafaɗu duk suna ciki. Ƙafafun kawai ake gani, kuma ba sa motsi.

"Injiniya!"

Shiru. Hannunsa ya kai zai fizgo ƙafar, sai maganar Longji ta dawo masa. Ya janye. Ya suri masaba ya nufi ofis, ya sauke wa kwaɗon Hajiya ita har ya tarwatse, ya faɗa ciki ya danno babban makunni ƙasa da hannu biyu.

Bai ma saki ba rediyon mai aski na maƙwabta ta ɓarke da kiɗa. Yaran layi suka kwashe da ihu, "Up Nepa!" Ƙwan fitilar shago ya kama tar.

Ya fito yana dafa bango. Ya tsaya kan ƙafafun nan. Can sai ƙafar dama ta ɗaga ta sosa ta hagu.

Longji ya zamo waje, fuska duk farar ƙura, ya zare abin sauraron waƙa daga kunne. Ashe lokacin ɗanɗanon yana tsallaken titi wajen mai burodi.

"Maƙeri, lafiya? Ina takalminka?"

Habibou ya nuna masa ƙwan fitila, ya nuna fasasshen kwaɗo, sannan ya ɗaga murfin makunnin ƙofa. Longji ya ga guntun wayar. Ya dubi hannuwansa da suke riƙe da tsirarar waya yanzun nan, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ka ce babu wuta."

"Na ce."

"Ba ka tambaye ni wanne ba."

"Ban tambaya ba," in ji Habibou, hawaye na bin gemunsa.

Longji ya ce, "Ni ma ban duba ba. Ni da na koya maka."

Hajiya ta dawo da faɗan kwaɗonta a baki, ta ji labari, ta haɗiye shi. A makon aka sa sabon makunnin ƙofa, aka raba fanka da tanderu, aka fito da babban makunni fili inda kowa ke gani. Yanzu ba mai sa ko yatsa a tanderun sai an sauke shi an datse da kwaɗo biyu. Makullin ɗaya na aljihun Longji, ɗayan shi ne na wuyan Habibou.

Har yau in yara suka yi ihun an kawo wuta, kowa a Agege murna yake, shi kuwa sai hannunsa ya kai wuya. Ranar Juma'a kuma a waje yake sallah, kan kwalta, cikin rana. Masu tsokana sun ce gadin takalminsa yake, tunda na farko bai dawo ba. Ba ya musu da su. Shi dai ya san ba zai iya sake zama ƙarƙashin fanka ya ga ta fara juyi ba.