Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Akwai wata safiya da ko tsufa ya kwashe min komai, ita kam ba zai iya ɗauke ta ba. Na manta kalar atamfar da na ɗaura ranar suna, na manta fuskokin rabin maƙwabtanmu na lokacin, amma wannan safiyar tana nan daram. In na rufe ido har ɗuminta nake ji a jikina.

Shekarun nan ne da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ko'ina ka waiga gini ake yi. Muna zaune a Limawa, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida. Maigidana kafinta ne, kullum yana cikin haɗa ƙofofi da tagogi. Ni kuma na yi haihuwar fari, ɗa namiji, a tsakiyar sanyi. Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wanka, can Aujara, to amma Innata ta rasu ina da ciki wata uku. Sai ƙanwar babana, Gwaggo, ta ɗauro ƙullin kayanta ta zo ta yi min wankan jego a ɗakina.

Sanyin shekarar ba a magana. Man gyaɗa ya daskare a kwalba, ruwan randa kuwa in ka tsoma hannu sai ka ji kamar an cije ka. Itace ya yi wuya a gari, ɗan wanda ake samu duk ƙarƙashin tukunyar wanka yake tafiya, safe da yamma. Itacen ɗumama ɗaki babu, ga jariri yana kwana yana tsuma.

A nan maigida ya fito da dabararsa. Garin katako na taruwa a shagonsu har sai an kwashe an zubar. Ya dinga ɗauko shi a buhu, ya dama ɗan kokon rogo ya kwaɓa da shi, ya danna a ƙaramin gwangwanin tumatir, ya juye a kan fallen kwano ya shanya. Curi-curi, a jere, kamar mai sana'ar ƙuli-ƙuli. In aka kunna su a waje suka kama suka yi ja, sai a zuba a kasko a shigo da su ɗaki. Suna daɗewa suna ci, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya lissafa guda shida a rana za su ishe mu har in yi arba'in, ya cika buhu biyu ya jingine a bayan ƙofa yana ta murna da kansa. Ni ma na taya shi, don na ga mijina ya fi mazan unguwa kai.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ɗauki curi ɗaya ta jujjuya, ta shinshina, ta ajiye.

"Ni dai wutar da ba ta hayaƙi ban yarda da ita ba," in ji ta. "Wuta ai sai ta yi sallama. Wadda ta shigo shiru, ɓarauniya ce."

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ai zamani ne."

"To, zamani ya shigo, amma a bar masa ƙofa a buɗe."

Haka kuwa ta yi. Kullum aka shigo da kasko sai ta tokare ƙyauren da wani tsohon takalminta, ta bar shi a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Iska mai sanyi ta riƙa zurarowa tana lasar ƙafafuna, ni kuma ina ta ƙunƙuni a ciki. Gwaggo mace ce mai faɗa. Ta yi faɗa a kan kunun kanwa in na rage, ta yi faɗa a kan ɗaurin zani, ta yi faɗa a kan yadda nake riƙe yaro. Sau nawa na juya bango na yi kuka a ɓoye, ina cewa da Inna ce da ba haka ba.

Sanyi bai san lissafin kafinta ba. Shida ta koma takwas, takwas ta koma goma. Kafin in yi kwana ashirin buhu ɗaya ya ƙare, na biyu ya fara ramewa. Sababbin da aka cura sun ƙi bushewa, don rana ba ta da ƙarfi. Kowace safiya sai in ga maigida ya leƙa buhun, ya dubi yaron, ya fita. Wannan kallon nasa ya fi faɗan Gwaggo ci min rai.

Ni kuwa Allah ya yi ni da jin kaina mai wayo. Na zauna na yi tunani: ai ɗumin nan ta ƙofar Gwaggo yake gudu. In aka rufe ko'ina, curi uku za su yi aikin goma, su kai mu arba'in har da saura.

Ran nan bayan sallar asuba maigida ya wuce shago, Gwaggo ta shigo da kasko ta ajiye, ta koma can ƙarshen tsakar gida tana fama da wutar wanka. Na tashi a hankali na zare takalmin, na tura ƙyaure. Na nannaɗe tsohon zani na toshe ƙasansa, na cusa tsummoki a duk wata kafa ta taga. Na koma gado na jawo yaron jikina.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Ɗumi ya taso daga ƙasa a hankali ya lulluɓe mu. Yaron ya saki jiki. Garwashin nan uku suna kallona daga cikin kasko, jajaye, sai na ga suna ƙara girma, suna zama huɗu, suna zama shida. Kaina ya ɗan yi nauyi, na ce gajiyar jego ce. Ƙarar muciyar maƙwabciya da nake ji ta bayan katanga ta yi nisa, ta yi nisa, har ta ɓace.

Sai ga ni a Aujara, kuma damina ce. Gero ya fi ni tsayi, kore shar, ganyensa na gogar kafaɗata. An ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi. Ina tafe a 'yar hanyar da ke bi ta bayan gidanmu, ƙafata ba ta jin ƙasa, yaron a hannuna ba shi da nauyi ko kaɗan. Tumakinmu da aka sayar tun ina ƙarama suna nan a gindin tsamiya suna tuƙa. A ƙofar gida kuwa ga Inna zaune a kan turmi, da shuɗin mayafinta, tana tsince wake a faifai. Ba ciwo a fuskarta. Ta ɗago ta dube ni kamar jiya muka rabu.

"Kin daɗe a hanya," ta ce. "Miƙo min shi in gani."

Farin ciki ya cika ni. Abin da ya fi ci min rai tun ranar haihuwa ke nan, cewa ba ta ga jikanta ba. Ta ajiye faifan ta miƙo hannu biyu, ni ma na miƙa shi. Na ji hannu ya karɓe shi daga ƙirjina.

Amma hannun nan ba na Inna ba ne. Kaushi gare shi, da sanyi, da warin hayaƙin itace. Fizge yaron aka yi, ba karɓa ba. Daga nan wani haske ya sare ni a ido, na ji ana ja na a ƙasa ta ƙafa, geron ya watse, Inna ta watse. Na ji haushi, wallahi haushi na ji. Na so in ce a ƙyale ni in koma, bakina ya ƙi buɗuwa.

Da idona ya washe, a tsakar gida nake kwance a kan ƙasa mai sanyi, kaina kamar ana sara shi da gatari, ina ta amai. Gwaggo na durƙushe gefe, ta kwance yaron daga zanensa, tana murza masa ƙirji, tana hura masa iska a fuska, tana salati. Hannunsa ya saki, yana lilo. Ni da ko kallonsa ba na yi a gaban mutane saboda kunyar ɗan fari, ranar na ƙwala ihu na kira sunansa har maƙwabta suka ji.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ta yayyafa masa ruwa, ta kife shi a cinyarta ta bubbuga bayansa. Can sai ya yi atishawa, 'yar ƙarama kamar ta kyanwa. Sannan ya tsanyara kuka. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume shi, ita ma ta fashe da kuka.

Daga baya na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Ɗan nan naki ya fi zakara tsare lokaci. Kullum ruwa na tafasa yana kuka. Yau ruwa ya tafasa, shiru. Na waiga, sai na ga takalmina a waje." Ta harare ni da jajayen idanu. "'Yar nan, kin so ki haɗa min makoki biyu a shekara ɗaya?"

A asibiti aka gaya mana garwashi na fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, mai sa mutum barcin da ba a tashi. Da muka dawo maigida ya ɗauko kayan aikinsa ya yanke wata kafa a saman ƙyauren, wadda ba mai iya toshe ta sai ya taka kujera. Curin da ya rage muka ci gaba da ƙonawa ƙofa a buɗe, ya ƙare saura kwana tara arba'in. Sauran kwanakin Gwaggo ce ta riƙa saka yaron cikin rigarta tana ɗumama shi da jikinta, tana yi tana min faɗa.

Yau yaron nan magidanci ne, har yana min tsiya wai ni kaɗai ce tsohuwar da ke barin taga a buɗe da sanyi. Gwaggo ta daɗe da bin Inna, Allah ya jiƙansu. Ba zan ɓoye ba, wani lokacin ina kewar gonar geron nan, don ban sake ganin Inna sarai kamar ranar ba. Amma na koyi cewa abin da zai halaka mutum ba lalle ya zo da zafi ba, yana iya zuwa da daɗi, da muryar wanda ka fi so. Mai ƙaunarka kuma wani lokacin shi ne mai kaushin hannu, wanda ke bar maka ƙofa a buɗe kana jin haushinsa. Kwana ashirin ina kuka don Gwaggo ba Inna ba ce, ashe hannun da ya kamata in miƙa wa ɗana yana nan kusa da ni, yana warin hayaƙi.